Sunan da Dije Take Bugawa Kowace Safiya

A biron furojen masu garka, wato ofishin aikin tallafa musu, da ke bakin tabkin Madarumfa, in ka tambayi sakatariya sai a yi ta kallonka, amma ka ce Yaya Dije yanzu a nuna maka ƙofa. Ni Rabi, mai zagaya ƙauyuka ina yi wa mata bayanin iri da taki, teburina na jikin nata, don haka abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

'Yar masunta ce. Ta yi lakwal, wato boko, daidai gwargwado, aka koya mata injin buga takarda, ta yi shekara da shekaru tana ƙwanƙwasa shi har yatsunta suka yi kanta. Da furojenmu ya zo, aka kawo ordinatar uku, wato kwamfuta, aka haɗa su da waya ta bin bango. Babbar aka ajiye a gaban Dije, kuma a cikinta tsarin aikin duka yake: garkar da za a kai wa injin ban-ruwa, ranar fara rijiyar Safo, wanda zai je garin Sarkin Yamma da iri. Sauran biyun daga wurinta suke ɗiba. In ta kwanta, duk mun kwanta.

Wallahi ban taɓa ganin mai tsaro irin Dije ba. Har riga ta ɗinka wa injin nan. Hadari ya taso, ta zare wayoyi tun kafin iska ta iso. Wanda ya zo da disket, ɗan faifan nan na ordinatar, daga Maraɗi ko Jibiya yana so a buga masa katin suna, ta ba shi ruwa ya sha, ta tambayi mai jego, ta sallame shi da disket ɗinsa a aljihu, wai cuta suke ɗaukowa. Kawunta ma haka ta yi masa, ya yi fushi har salla.

Injin ba ya buɗewa sai an buga kalmar sirri. Wanda ya kafa shi ya gargaɗe ta kada ta rubuta a takarda, kuma ta zaɓi kalmar da ba za ta taɓa fita daga bakinta ba. To me ya fi wannan sauƙi? Dije tana da ɗan fari, Shu'aibu, ma'aikacin jinya a Arlit, kuma tun ran da aka raɗa masa suna ba ta taɓa kiransa ba, kamar dai yadda iyayenmu mata suke yi. "Wancan" take cewa, ko "na Arlit". Ko Shu'aibu mai kifi ne ya zo wucewa, sai ta ce a tsayar mata da mai sunan yaron.

Mu kuwa duk mun gane. Matar da ke cika shafi kafin ka ƙifta ido, amma kalma guda sai ta bi ta da yatsa ɗaya, a hankali, tana murmushi? Yaron ya daɗe bai zo gida ba, hanya da nisa, kuma kewarsa na cin ta. Nan ne kaɗai a duniya take kiran ɗanta da sunansa, kowace safiya, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Shi ya sa muka kama bakinmu.

Ƙarshen shekarar 1999 aka cika gari da maganar cewa in 2000 ta shigo injuna za su rikice, su manta kwanan wata. Aka turo mana Mushe Idi daga Yamai da disket ɗin faci, wanda zai toshe ɓarakar. Bawan Allahn nan ya zo ba sanarwa, motarsa kuma za ta wuce kafin la'asar. Dije tana gidan ƙanwarta Ɗelu ana shirin biki. Na je na ɗauko ta haka nan, hannuwanta biyu ɗaure da lalle, an naɗe su da tsumma, tana ta yi mini faɗa a hanya wai bai kama ba.

Mushe Idi ya ga hannuwan, ya ce kada ta ɓata kwalliyarta, ta faɗa masa kalmar kawai shi ya buga. Dije ta dubi ƙasa. Ya sake tambaya, ta dubi bango. Ya ɗauka rowa ce, ya fara yi mata bayanin cewa shi ma ma'aikaci ne. Sai mai gadinmu, da ke tsaye a bakin taga yana jin tausayinta, ya ce, "Shu'aibu ne, Mushe. Ba ta iya faɗi."

Mushe Idi ya juyo ya tambayi wa da wa suka sani. Direkta ya yi tari. Direba ya ce shi dai karta kawai yake shiga ya buga in ta tafi salla. Ni ma na ɗaga hannu, ina ruwana. Dariya ta kusa kayar da baƙon, ya ce ya zagaye ƙasar nan bai taɓa ganin sirrin da har mai gadi ya haddace ba. Dije kuwa ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce ashe da munafukai take zaune.

Faci ya shiga lafiya. Amma da Mushe Idi ya gama, ya ce dole a canza kalmar yau ɗin nan, a sa haruffa da lambobi da ba su da ma'ana, in ba haka ba aikinsa banza ne. Dije ta nemi a bar mata, ta ce ai ba baƙo a cikinmu. Ya ce injin bai san ɗan gida ba. Ta san gaskiya ya faɗa, don ita ce ta kori kawunta a kan abin da bai kai wannan ba.

Ta sa na kwance mata hannun dama. Ta buga tsohuwar kalmar da yatsa ɗaya, lalle na shafar madannan, sa'annan ta juya mana baya ta sa sabuwa. Ba wanda ya yi dariya. Ni dai raina ya ɓaci, na ji kamar in ɗauki disket ɗin in jefa a tabki.

Kashegari ta zo, ta cire wa injin riga, ta buga lambobinta fat-fat, fuska ba walwala. Haka muka yi ta fama har shekara ta shigo, injin bai manta komai ba, ita kuma ko gaisuwa da ƙyar. Ran nan da hantsi ta miƙe ta shiga wurin direkta, ta ce a ara mata talho ta kira Arlit. Ta ce in tsaya a ƙofa kada kowa ya shigo. Na tsaya, amma kunnena ban bar shi a waje ba.

A asibitin can aka je aka kira shi. Da ta ji muryarsa ta runtse ido, ta ce, "Shu'aibu."

Har na ɗauka layin ya yanke. Can na jiyo muryarsa ta cikin talhon: "Inna? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, ja'iri," in ji ta, tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. "Ka ci abinci?"