Tashar da Kawu Ya Gina a Zaure

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba a kan wanda ya riga mu gidan gaskiya. Amma jiya ina shara na tsinci taragon jirgin ƙasa da kawuna ya ƙera da gwangwani, sai na kasa haƙura.

Kawu ya yi aikin reluwe a Malam Madori. Da ya dawo Haɗeja, sai ya gina 'yar ƙaramar tasha ta wasa, irin waccan tashar jirgin, a zaurensa. Ya yi layin dogo da ɓawon kara, ya yi tayoyi da murfin kwalba. Kullum zauren yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar laka.

Wata rana na kai masa fura, na tarar yana ta dunƙula tudu a ƙarƙashin layin. Na ce, "Kawu, jirgin wasa ma sai an yi masa tudu?"

Ya ce, "Ke dai! A ƙasar nan wa yake shimfiɗa dogo a kwari? So kike kogi ya kwashe min fasinja?"

Bayan rasuwarsa ambaliya ta rushe zauren. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Ina so in sake gina tashar yadda ya bar ta, amma na manta ko tankin ruwan tashar gabas yake ko yamma, kuma ba zan yi wa Kawu ƙarya ba. Don Allah, wanda ya san tsohuwar tashar Malam Madori ya sanar da ni.