Tudun Motar Baba

A ƙofar gidanmu, a wani ƙauye gabas da Minjibir, akwai wani ɗan tudu da Baba ya gina da hannunsa tun ban san kaina ba. Jar ƙasa ya tara da ɓaraguzan tsohuwar katanga, ya daɓe. A kansa motarsa take kwana, hancinta na kallon gangara, da dutse a gaban taya ɗaya. Tsohuwar akori-kura ce mai giyar hannu, wadda ta sha dakon gero da dawa da gyaɗa zuwa kasuwanni har fentinta ya rasa sunan da za a kira shi. Makullinta yana buɗe wuta amma ba ya tayar da inji, kuma Baba ya ƙi a gyara. Duk bakaniken da ya yi masa maganar, sai ya ce shi tudunsa bai taɓa lalacewa ba.

Kullum da safe zai janye dutsen, ya shiga, ya yi bismillah, ya sake ta. Ta gangara shiru, sai ka ji ta yi tari sau ɗaya, inji ya kama. Na taso ina ganin haka, har na ɗauka duk motocin duniya a kan tudu suke kwana.

Baba yana da wata al'ada da ba ya wasa da ita. Yayarsa, wato Gwaggo, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tana aure a wani ƙauye bayan Rimin Gado. Duk kaka, geron farko da aka sussuka nata ne. Shi da kansa yake lodawa ya kai mata, kuma ba a dama furar sabon gero a gidanmu sai ya dawo. Muna yara muna jin haushin wannan doka, don maƙwabta suna ta shan sabuwar fura mu muna haɗiyar yawu.

Sai idon Baba ya fara tafiya. Ba wanda ya ce masa ya daina tuƙi. Wata rana ya dawo daga kasuwa, ya hau tudu da baya kamar kullum, ya sa dutse, ya rataye makulli a ƙusar zaure, bai sake ɗauka ba. Daga baya muka ji cewa saura kaɗan ya bi ta kan wata saniya da ke kwance a hanya, bai gan ta ba sai da ta miƙe. Yayyena maza biyu suna Kudu neman abinci. Aka ce a samo direba, ya ce baƙon hannu ba zai taɓa masa mota ba. Aka ce to a sa geron Gwaggo a motar haya shi ma ya shiga, ya ce bai taɓa zuwa mata a matsayin fasinja ba, kuma ba zai fara yanzu ba. Baba akwai taurin kai, ni ma a wajensa na gado. Ita kuma Gwaggo tsufa ya kama ta sosai, kowa ya san ba lallai ne ta ga kaka biyu nan gaba ba.

A lokacin ina aure a Bacirawa, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Maigidana ya sayi mota otomatik, ya matsa mini in koyi tuƙi don in riƙa kai yara makaranta in sauƙaƙa masa. Na je makarantar koyon tuƙi, mai wurin ya tambaye ni wacce nake so, manuwal ko otomatik. Bai ma jira amsata ba ya ce, "Hajiya, mata duk otomatik suke ɗauka. Ƙafa ɗaya ce, ki taka ki tafi, ki taka ki tsaya." Wallahi maganar ta yi mini daɗi. Ni mace ce mai son jikinta, ban ga dalilin da zan wahalar da hannu da ƙafa biyu a kan abin da inji zai yi mini kyauta ba. Na ce masa zan dawo ranar Litinin.

Ranar Asabar na je gida gaida su Baba, na same shi a zaure a kan buzu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Na ba shi labarin motar da ba ta da kuloci, ita take canza wa kanta giya. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Uwata, idan ta mutu a daji, ana tura ta ta tashi?"

Na ce, "An ce ba a turawa, Baba. Sai dai a kira bakanike."

Ya ce, "Ikon Allah. Motar da mutane ba za su iya taimakonta ba." Daga nan ya koma kan carbinsa.

A madafa Inna ta gaya mini abin da ya hana ni cin abincin rana. Ta ce kullum bayan ya dawo daga masallaci da safe, sai ya lallaba ya hau tudu, ya shiga motar, ya ɗora hannu a kan sitiyari ya zauna shiru har rana ta ɗaga. Ta ce kuma ya fara tambayar inda masu sayen tsohon ƙarfe suke. Tausayinsa ya kama ni har na yi kuka a gaban murhu. Ranar Litinin ban koma wurin mai koyar da tuƙi ba. Na gaya wa maigidana cewa mai giyar hannu zan koya, kuma a wajen Baba. Ya yi dariya ya ce makaho zai koya wa malama tuƙi, Allah ya tsare awakin ƙauye. Amma bai hana ni ba.

Muka fara da faɗuwar damina, duk Asabar da Lahadi, a filin ƙwallon ƙauye. Abu na farko da Baba ya sa ni shi ne cire takalmi. Ya ce kuloci ba ya magana da takalmi, sai da tafin ƙafa. Sannan ya zauna a gefena, ya rufe idon da dama ba ya gani da shi sosai, ya jingina kansa da ƙofa.

Ban san Baba ba sai a cikin motar nan. Shekara da shekaru ina ganinsa a matsayin tsoho mai dakon buhuna, ashe akwai wani ilimi a kunnensa da jikinsa wanda ban taɓa jin labarin irinsa ba. Ina tuƙi zai ce, "Tana kuka, ba ta giya ta uku." Kafin in kai hannu zai ce, "Ƙafarki ta hagu tana kan kuloci, ɗauke ta, ba matashi ba ne." Sai in kalli ƙasa in ga gaskiya ne, in kalle shi in ga idonsa a rufe. Wata rana ya ce in tsaya, tayar baya ta dama ta rage iska. Na fita na duba, ni da idona biyu ban ga komai ba, sai da mai faci ya gwada ya ce haka ne. Na tambaye shi yaya aka yi ya sani, ya ce ai motar ce ta faɗa, ni ce ba na saurare.

Na kashe motar nan sau ba adadi. Duk lokacin da ta mutu a fili sai mun kira masu noma daga gonakin gefe su tura mu. Da farko suna zuwa suna dariya, suna cewa malama ta sake kayar da jaki. Daga baya suka saba, da sun ji inji ya yi shiru sai ka ga sun ajiye fartanya sun taho ba a kira su ba. Baba bai taɓa yi mini tsawa a kan haka ba. Doka ɗaya kawai ya kafa mini, yana maimaita ta kullum kafin mu tashi: "Kada ki kashe ta da hannunki sai kin ga gangara a gabanki."

Kafin gero ya nuna na fara hawa kwalta, na yi lasisi, na kai Inna kasuwar Minjibir na dawo da ita lafiya, duk da cewa salati take yi tun daga gida har gida.

Ranar da aka gama sussuka aka loda buhunan Gwaggo. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauko makullin daga ƙusa ya miƙo mini. Na janye dutse, na yi bismillah, muka gangara. A hanya shi yake karanta mini titi. Zai ce akwai rami bayan kukar nan, in bi ta hagu, sai ga kuka, sai ga rami. Da muka shigo cunkoson gefen Bacirawa, 'yan adaidaita sahu suna shiga gabana ta ko'ina, na fara ruɗewa. Ya ce, "Bar su su wuce, Uwata, su ba gero suka ɗauko ba." Na yi dariya, hankalina ya dawo jikina.

Bayan mun wuce Rimin Gado muka sauka daga kwalta muka kama burji. Azahar ta yi, Baba ya ce mu tsaya a wani ɗan ƙauye mu yi sallah. Na ga inuwar wata darbejiya mai kyau, na shiga ƙarƙashinta. Ina cikin jin daɗin kaina, ga ni na keto gari da lodi ban kashe ta ko sau ɗaya ba, sai na murɗa makulli na kashe, yadda nake ganin maigidana yana yi a ƙofar gida. Inji ya yi shiru, a take na gane abin da na yi. Wurin shimfiɗe yake kamar faifai, ga buhuna a baya, ga yashin wani busasshen rafi a gabanmu ba nisa.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mu yi sallah tukuna."

Da muka idar na duba ƙauyen, babu namiji mai ƙarfi ko ɗaya, duk suna gona wajen yankan dawa. Sai tsofaffi biyu a bakin masallaci, da mata a masussuka suna ta aiki. Kunya ta rufe ni, amma na je na yi musu sallama na faɗa musu halin da muke ciki. Wata babba a cikinsu ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce direbar?" Na ce ni ce. Ta ajiye taɓarya ta ce wa sauran, "Ku taso, yau motar 'yar'uwarmu ce ta mutu a hanya."

Baba ya sa na kama hannunsa muka taka daga hancin motar zuwa bakin yashin, yana jin ƙasa da ƙafarsa. Ya ce wurin mai tauri gajere ne, turi ɗaya muke da shi. Idan ta shiga yashi ba ta tashi ba, sai dai a sauke kaya a kwana. Ya ce in sa ta biyu, in danne kuloci, kada in saki sai na ji muryarsa, ko da na ga yashin ya zo. Na ce ya shigo ya zauna. Ya ce a'a, daga baya zai fi jin ta. Ya naɗe farar rigarsa a kafaɗa ya shiga cikin matan ya dafa bodi.

Suka fara turawa. Motar ta motsa da ƙyar, sannan ta fara tafiya. Ina kallon yashin yana matsowa, zuciyata tana ce mini saki, saki. Ban saki ba. Har na cire rai, sai na ji muryar Baba daga baya, da wani ƙarfi da na manta yana da shi: "Yanzu!" Na ɗauke ƙafa. Ta yi tsalle, ta yi tari, inji ya kama, tayoyin gaba suna dab da yashi. Na danne kuloci na taka birki na riƙe ta da rai. Matan suka rangaɗa guɗa.

Na leƙa madubi. Turin ya bar Baba a baya shi kaɗai a tsakiyar hanya. Wata ta miƙa hannu za ta jagorance shi, ya girgiza kai. Ya karkata kunne, ya taho a miƙe, yana bin ƙarar injin, bai kauce ko taku ɗaya ba, har hannunsa ya sauka daidai kan mariƙin ƙofa. Tsigar jikina ta tashi. Na ji wani irin kwarjininsa ya cika ni, na kama tasbihi. Ya zauna yana haki ya ce, "Ta ɗaya, ki ba ta wuta, kada ki tausaya mata a yashi."

Muka isa gidan Gwaggo kafin la'asar. Rabona da garin tun ina ƙarama, don haka na fara waige-waigen inda zan tsaya, don na rantse ba zan sake kashe ta a fili ba. Baba ya ce in zagaya gefen rumbu. Ina zagayawa sai ga tudu, irin namu sak, da dutsensa a gefe. Jar ƙasar da ke kansa sabuwa ce, an daɓe ta bayan ruwan ƙarshe.

Aka fito da Gwaggo ana riƙe da ita. Ta sa aka kwance bakin buhu ɗaya, ta cusa hannu ta ɗebo geron ta shinshina. Baba ya durƙusa a gabanta, tsoho da furfurarsa, ya ce, "Yaya, na kawo."

Ta ce, "An ce mini idonka ya tafi, ka rataye makulli. Na ce na ji, amma dai a gyara masa tudunsa."

Baba ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa tana motsi. Ni kuwa na koma bayan motar na sa dutse a gaban taya, na daɗe a can ina goge fuska da mayafi.

Geron da ta ci na ƙarshe ke nan daga hannunsa, Allah ya karɓi abarsa kafin wata damina. Da muka dawo gida ranar, na hau tudunmu da baya, Inna ta dama furar sabon gero muka sha. Na miƙa wa Baba makulli zai rataye, ya mayar mini da hannuna ya ce in riƙe, ranar Asabar akwai gyaɗar da za a kai kasuwa.