Allon Saukata

Jiya aka kawo min katin biki, rubutunsa na kwamfuta ne, irin mai lanƙwasa da jan jela. Ina shafa shi sai kakana ya faɗo min a rai.

A ƙauyenmu, can gindin duwatsun Roni, shi ne mai zayyana. Duk wanda ya sauke Alƙur'ani, shi ake kai wa allonsa ya ƙawata, har daga Gwiwa da Babura ana zuwa. Da kansa yake feƙe alƙalamin gamba, ya jiƙa ƙaro ya haɗa tawada, baƙa da ja da ruwan ɗorawa. Alifinsa a miƙe yake kamar tabarya, harafin nun kuma ya buɗe ciki kamar ƙoƙo. Ban taɓa ganin rubutun da ya fi nasa ba, kuma ba don kakana ne na faɗa ba.

Shekarar da zan yi sauka, hannunsa ya fara rawa. Ko kofin shayi sai ya tallafa da hannu biyu. Babana ya ji tsoron kada tsohon ya ji kunya a gaban jama'a, sai ya aika Kano a ɓoye aka sayo allo mai sheƙi. Shi kuwa kakana bai sani ba. Kullum da hantsi yana kan buzunsa, ya danne wuyan hannun dama da na hagu, yana jan harafi ɗaya a allona ya huta. Idan na leƙa sai ya ce, "Amarya, tafi can, kada ki sa min ido."

Ranar walima da safe babana ya ajiye alluna biyu a gabana.

"Ki ɗauki na Kano," ya ce a hankali. "Na Malam mu ajiye a ɗaki."

Na duba na kakana. Layukan sun ɗan karkace, jar tawada ta ɗiga a gefe guda. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, da wannan zan fita." A rayuwata ban taɓa musa masa ba sai ranar.

Da allon kakana na zauna a gaban malamai na yi karatu, da shi na zaga gidajen dangi. Wata gwaggona ta taɓe baki, ni ko a jikina. Da na dawo na tarar da kakana a zaure yana share ido da hannun riga, wai hayaƙin girki ne. Bai sake riƙe alƙalami ba, damina na zagayowa ya rasu.

Yanzu 'ya'yana a Kazaure shaidar saukarsu a shago ake bugawa, tsaf, babu ɗigo, ta kowa iri ɗaya. Ban ƙi ba, tana da kyau. Amma idan suka tambaye ni me ya sa rubutun allona ya karkace, sai in ɗora yatsa in nuna musu duk inda kakana ya tsaya ya huta saboda ni.