Ranar da Aradu ta Same Mu a Gindin Tsamiya

Edita, na daɗe ina son in rubuto wannan labari, amma duk sanda na ɗauki biro sai in ajiye shi. A shekarun da abin ya faru ni saurayi ne, mai gyaran rediyo da kaset a wani ɗan shago a bakin kasuwar Azare. Iyayena suna can Yobe, ni kaɗai na zo neman sana'a, ba ni da dangin iya ba ni da na baba a garin. Abin da ya sa na saba da mutane shi ne ƙwallo. Kullum bayan La'asar mukan taru a filin wata firamare a bayan gari, ni ne mai tsaron gida. A nan na haɗu da abokina, wani kafinta, mai wasan baya, mutum mai yawan raha. Shi ya fara kai ni gidansu, mahaifiyarsa, da kowa ke kira Inna, ta riƙa zuba mini abinci kamar ita ta haife ni. Idan an tambaye ni wa na sani a Azare, shi nake ambata.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce. Wasu samari daga Jama'are suka zo mu buga wasan sada zumunci, ba kofi ba komai, sai dai gori. Tun kafin a take wasa hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, ana jin cida daga nesa. Wani dattijo da ke dawowa daga gona a kan keke ya tsaya ya ce mana mu watse, wannan hadarin ba na wasa ba ne. Muka ce masa to, Baba, ya wuce, muka ci gaba. Kowa na cewa baƙi sun taso tun daga Jama'are, ai kunya ce a ce ruwa ya kore mu. Ni kaina daɗi nake ji, don iska ta yi sanyi, kuma ranar ba ƙwallon da ta wuce ni. Walƙiya tana keta sama, muna ihu muna cewa ana ɗaukar mu hoto.

Da ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, sai alƙalin wasa ya hura usur, kowa ya kama gabansa. Mafi yawa suka ruga azuzuwan makarantar da ke can ƙarshen fili. Ni da abokina muka ga tsamiyar da ke bayan ragata ta fi kusa, muka fake a gindinta. Ya jingina da jikin bishiyar yana matse rigarsa, ni kuma na ɗan matsa gefe ina kwance igiyar takalmi. Yana magana yana dariya. Daga nan ban ji ƙara ba, ban ji zafi ba, fari kawai na gani, fari fat, shi ke nan.

A gadon asibiti na farka. Bakina kamar na tauna ƙarfe, kunnena na dama ya mutu murus, na hagu kuma sai ƙugi. A bayana akwai wani jan zane kamar rassan itace. Da na tambayi labarin abokina, ma'aikaciyar jinya ta kau da kai. Sai da maigidan shagona ya zo, ya sunkuyo daidai kunnen da ya rage, ya gaya mini an riga an kai shi makwancinsa. Ban samu sallarsa ba, ban ɗauki makararsa ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Wai da aradun ta faɗo, 'yan wasa suka fito suka kewaye mu, amma ba wanda ya yarda ya taɓa mu, don an ce duk wanda ya taɓa wanda tsawa ta faɗa wa kafin a zuba masa nono, shi ma za ta kama shi. Aka tura mai babur neman nono, mu kuwa muna kwance cikin ruwa, har Allah ya kawo wani direban akori-kura da ya ce shi bai san wannan ba, ya kwashe mu. Likita ya ce mini wannan magana ba ta da tushe, jikin wanda aradu ta buga ba ya riƙe wuta, kuma da an samu mai danna ƙirjin abokina nan take, wataƙila da zuciyarsa ta tashi. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma wannan wataƙilar ta zauna mini a rai.

Na ɗauka fitowa daga asibiti ita ce ƙarshen wahala, ashe farkonta ce. Magana ta bazu cewa aradu ba ta faɗuwa banza. Wasu suka ce na taɓa rantsuwa da ita a kan rediyon wani, ta zo nemana ta sami abokina. Wasu suka ce jifa aka yi mini. Ba wanda ya faɗa mini a gabana, amma idan na isa majalisa sai hira ta mutu, in hadari ya taso kuma sai in ga na kusa da ni yana zamewa a hankali. Masu kawo gyara suka ragu, waɗanda suka kawo ma ba na iya rarrabe ƙarar lasifika mai kyau da mai ciwo. Na daina zuwa fili, ba kuma wanda ya zo ya ce me ya hana ni. La'asar ta zama lokacin da na fi tsana. Ina zaune a shago, zan ga samari suna wucewa da takalma a rataye a wuya, ni kuwa ko wanda zan ce wa yau na ji jiri babu.

Gidan Inna kuwa na kasa zuwa. Ina tsoron ta dube ni ta ga wanda ya rayu a madadin ɗanta. Sai da kaka ta yi, aka fara yankan gero, sannan na daure na yi sallama. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta tashi ta zagayo ta ɓangaren kunnena mai ji, ashe har wannan ta sani.

Ta ce, "Ɗana, kai ne ka ji maganarsa ta ƙarshe. Me ya ce?"

Na ce, "Inna, cewa ya yi yunwa yake ji, kuma yau ɗanwake kika yi, in ruwa ya tsagaita mu tafi tare kafin ƙannensa su cinye."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Shi ke nan, cikinsa ne a gaba har ƙarshe. To kai me ya hana ka zuwa? Na rasa ɗaya, sai ka sa na rasa biyu?" A ranar na yi kukan da ban yi ba tun a asibiti.

Yanzu na bar gyaran rediyo, ina sayar da kayan wuta, na yi aure, amma har gobe ba na iya tsayawa kallon ƙwallo da damina. Abin da nake roƙon matasa da masu shirya wasa shi ne, da zarar kun ji tsawa, ko daga nesa ne, ku tsayar da wasa, domin in kunnenka ya ji ta, to tana iya kaiwa gare ka. Kada ku fake a gindin bishiya, kada ku tsaya jikin ƙarfen raga ko tsakiyar fili. Ku shiga gini ko mota mai rufi, ku dakata har sama ta yi shiru sosai kafin ku koma. In kuma ta faɗa wa wani, ku taɓa shi, ku taimake shi, ku garzaya da shi asibiti, kada ku tsaya jiran nono. Wanda Allah ya raya kuma ku je ku zauna da shi. Aradu sau ɗaya ta buge ni, amma gudun da mutane suka yi mini kullum sai na ji shi.