Baƙin Gari a Tankin Maƙwabcina

Shekarun da tawaye ya sake tashi, sana'ata a Arlit liƙi ce. Tankin ruwa, tankin gazuwal, wato man dizal, bututun roba, duk abin da ya tsage rumfata ake kawo shi, a bayan tasha. Nakan dama rezin, wani ruwa mai danƙo da wari da ke daskarewa ya yi tauri, in shimfiɗa zaren gilashi, in shafe wurin. Ina kuma da wata al'ada da na koya wajen maigidana tun a Damagaram: duk haɗin da na yi, sai na zuba kaɗan a murfin gwangwani, ya bushe, in gwada karya shi da hannu. In ya ƙi karyewa, sannan in sallami mai aiki. Shaida muke ce masa.

Garin a cike yake lokacin. Yuraniyom ya yi daraja, kamfanoni na ta haƙa, manyan motoci na ta shigowa. Amma hanyar Agadas ana binne nakiya a kanta. Ba a bin ta sai cikin ayari da rakiyar soja, kuma kowa ya san ayari ba ya tsayawa don mota guda. Wadda ta lalace, nan ake barin ta da direbanta.

Ɗiyata ta fari tana karatun kimiyya a Yamai. Wata rana a waya take ba ni labarin wani baƙin gari da malaminsu ya karanta musu, wai shi girafen. Daga baƙin abin nan da ke cikin fensir ake samo shi, a jiƙa da sinadari har ya rabu falle-falle, sannan a rage masa iskar da ya sha. Ta ce in aka zuba shi a rezin, ƙarfin rezin ɗin yakan ƙaru sosai. Ta ƙara wasu bayanai, amma ban tsaya ji ba. Allah ya yi ni da son a ce ni na fara kawo sabon abu gari. Na tara matattun batura, na zare baƙin sandan cikinsu, na daka a turmi, na tankaɗe. A ganina baƙin gari ai baƙin gari ne.

Sai ga maƙwabcina, direban babbar mota, wanda ya girme ni, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Da la'asar ya zo, tankin gazuwal ɗinsa na ɗiga, ayari kuma da safe zai tashi.

Ya ce, "Malam, in lokaci ya ƙure, bari in cusa sabulu yadda muka saba."

Na yi masa dariya. "Haba Yaya, sabulu a wannan zamani? Zauna ka ga ilimi."

Na dama rezin, na zuba garin nan hannu uku, don a tunanina in kaɗan ya yi amfani, da yawa zai fi. Liƙin ya fito baƙi wul, yana sheƙi. Da safe na ƙwanƙwasa shi, ya yi tauri. Shaidar kuwa ta fi kauri, tsakiyarta ba ta gama bushewa ba. Motoci na ta taruwa a bakin shingen soja, shi kuma yana ta duba agogo. Karo na farko a rayuwata na sallami aiki ban karya shaida ba.

Da azahar na ɗauki murfin, na danna da babban yatsa. Shaidar ta ɓalle kamar ƙuli-ƙuli, har tana zuba gari. Na zauna a ƙasa.

Na kira ɗiyata. Ta ce, "Baba, nawa ka zuba?" Na faɗa mata. Ta ce, "Wayyo Baba, ai ba shi ba ne. Naka tsaki ne, wancan ya fi ɓawon albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Ko shi ɗin ma ɗan mitsitsi ake sawa, a watsa shi ko'ina. In ya yi yawa dunƙulewa yake, rezin ya rasa abin kamawa. Ai na faɗa maka." Ta faɗa ɗin kuwa.

Babu waya a hanyar nan. Na wuni ina ganin gazuwal na tsiyaya cikin yashi a idon zuciyata. Da yamma matarsa ta leƙo ta katanga, ta ce, "Malam, sannu da aiki. Ya ce ka yi masa liƙin da ba a taɓa yi ba, hankalina kwance." Na ce Allah ya kai su lafiya. Ban gaya mata zancen shaidar ba.

Washegari wani direba ya kira daga Agadas, ya ce ayari ya iso, ban da motar maƙwabcina. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Abinci ya ƙi shiga, duk ƙarar da na ji daga arewa ko kudu sai in miƙe tsaye. Sai da rana ta yi tsaka aka ce an gan shi a Cirozerin, garin da ake haƙar kwal kusa da Agadas, da ransa.

Ya dawo da ayarin mako mai zuwa. Ya shigo rumfata, ya ajiye baƙin liƙin a kan tebur. Ya ce an wuce rabin hanya ya ɓamɓare, ayari ya tafi ya bar shi. Ya tauna sabulu ya cusa, ya bi sawun tayoyin waɗanda suka wuce a hankali, shi kaɗai, don kada ya taka inda ba a taka ba.

Idonsa ya kai kan murfin gwangwanin, wanda na kasa zubarwa. Ya san al'adata sarai.

"Yaushe ka karya ta?"

"Bayan kun tashi, Yaya."

Ya ce, "Maiɗakina na ce mata taya ce ta fashe. Ka bar ta a haka."

Mun ƙara shekaru muna maƙwabtaka. Matarsa ta ci gaba da yabon aikina a wajen mata. Shi ma bai taɓa fasa gaishe ni ba, amma duk ranar da tankinsa ya tsage, ta gaban rumfata yake wucewa da motar, ya ɗaga min hannu, ya kai ta wajen mai walda.