Ramin Masarar Adda

Ni ne mutum na farko da ya binne ɗanyar masara a danginmu, kuma har yau in aka taru wurin suna ko ɗaurin aure sai an sami wanda zai tuna wa jama'a. Na daina jin haushi, don ni na jawo wa kaina.

Saniyar yayata ce mafarin abin. Adda muke ce mata. Tun da mijinta ya rasu take zaune a Kambaza, ba ta da abin dogaro sai 'yar gonar fadama da farar saniya ɗaya mai karyayyen ƙaho. Da nonon saniyar nan take cefane, da shi take sayen sabulu. A bazarar da ta gabaci wannan labari kara da harawa suka ƙare mata tun hadari bai fara haɗuwa ba, saniyar ta rame har ta kasa tashi. Kullum da safe sai maƙwabta sun zo, wani ya kama wutsiya, wani ya tallafi ƙirji, a ɗaga ta tsaye. Sau ɗaya na gani da idona. Adda ta juya baya tana goge fuska da gefen mayafi.

Ni malamin firamare ne a Gwandu, kuma ina da irin ciwon nan na wasu malamai: in na ga abu sau ɗaya, shi ke nan na zama gwaninsa. Da damina ta yi nisa na je Kalgo ta'aziyya, a hanyar dawowa na tsaya bakin wata babbar gonar masu kiwon shanun madara. Tarakta na jan wani inji cikin masara kore shar, yana cinye ta layi-layi, kara da ganye da goyo, yana feso ta cikin tirela ta wani dogon wuya, a daddatse kamar yankan kuɓewa. Aka ce mini a rami ake zuba ta, a danne, a rufe, sai rani ya tsananta a buɗe shanu su ci. Ban yi rabin awa a wurin ba, amma kafin in isa Kambaza na gama shirya darasin da zan yi wa Adda.

Ta saurare ni tana tsince wake.

"Kana nuhin in sare masarata tun ba ta ƙosa ba, in gina mata kabari?"

"Rami dai, Adda."

"To mi ab bambanci?"

Kwana uku ina zarya. A na ukun ta dubi saniyar a turke, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "In dai ba a sake ɗaga ta da wutsiya, ɗauki gonar." Ta san tuwon watanni ta sallama, ni ma na sani, amma a lokacin na fi jin daɗin na ci gardama.

Babban injin nan ba ya zuwa gona irin tamu. Ƙaramin ɗan'uwansa muka samu daga Kalgo, mai bel da hayaƙi, aka kawo shi bayan a-kori-kura. Mai injin dattijo ne marar yawan magana. Muka sare masarar da adda da lauje, muka kwaso ta bayan gida inda aka haƙa dogon rami, rabin ƙauyen suka fito kallo. Dattijon ya ce a riƙa ba injin kara uku-uku. Ni kuwa da na ga idon jama'a a kaina, sai na rungumo dami guda na cusa masa. Injin ya shaƙe, ya yi tari, bel ya fice ya faɗa cikin kabewar maƙwabci. Aka ɗauko, aka mayar, aka wasa wuƙaƙen. Ba a jima ba na sake.

"Malam," in ji dattijon, "kai tahi ka taka rami."

Haka na ƙare yinin, wando a naɗe har gwiwa, ina tattaka yankakkiyar masara ina gumi. Da ramin ya cika muka shimfiɗa baƙar leda, muka bi ta da ƙasa. Dattijon yana ɗaure injinsa ya ce, "Abin ga bai son iska ko kaɗan. Kak ku buɗe shi sai ran da za ku ba dabba." Na ji shi sama-sama, don a lokacin ina can ina yi wa 'yan kallo bayanin abin da ake yi. Adda kuwa tana tsaye dab da shi.

A gidanmu akwai wata al'ada. Duk Juma'a in an sauko masallaci, mahaifinmu yakan ɗaga murfin rumbu ya zura hannu har gwiwar hannu, ya ji ko akwai laima ko ɗumi. A wurinsa mutumin da bai taɓa hatsinsa ba bai san abin da ya ajiye ba. Da wannan na tashi. Saboda haka Juma'ar farko na hau babur zuwa Kambaza, na tone ƙasar gefen ramin, na ɗaga leda, na zura hannu. Akwai ɗumi. Hankalina ya tashi, na ce bari in bar shi ya ɗan sha iska kafin in rufe. Juma'a ta biyu na zo da abokai biyu daga majalisarmu waɗanda suka ce ƙarya nake. Su ma suka zura hannu. Daga nan abin ya zama kamar ziyara, duk wanda ya yi mini musu sai in goyo shi.

Adda ta yi magana sau ɗaya. "Mai injin ya ce kak a buɗe."

"Ai dubawa nake, Adda. Dubawa daban, buɗewa daban."

Da na dawo wani makon sai na tarar ta jibge itacen girkinta gaba ɗaya a kan rabin ramin da ke jikin katanga, ta ɗora tsohon turmi, ta kewaye da ƙaya. Na ɗauka wurin ajiya ta rasa. Har faɗa na yi mata, wai ta tare mini hanyar duba wancan ɓangaren.

Da bazara ta shigo, harawar da ke kan rufin ɗakinta ta ƙare, muka sa ranar buɗewa. Ni na gayyato mutane, har na sa babbar riga. Aka janye ledar ɓangarena, wani ɗoyi ya taso wanda ya sa na gaba suka ja baya suna toshe hanci. Abin ya yi baƙi ƙirin, ya yi yauƙi, farin fumfuna ya bi duk inda hannuna ya taɓa shiga. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Masarar Adda ce a gabana, wadda ba ta ci ba, saniyarta ma ba za ta ci ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Adda ta fara janye itacenta ɗaya bayan ɗaya. Na tuɓe rigar na taya ta. Da muka ɗaga leda a wannan ɓangaren, masarar na nan rawaya-rawaya, da danshinta, tana ƙamshi kamar kunun tsamiya. Ta ɗebo a tsohon daro ta kai turke. Saniyar ta shinshina, ta ɗaga kai ta dube mu, sannan ta sa baki.

Rabin ramin bai kai mu saukar ruwan sama ba. Sauran makonnin ni na cike su, kullum kafin in shiga aji ina kan babur da damin kara ko buhun 'ya'yan gawo daga wajen Malisa, ɗalibaina na gaishe ni a hanya suna danne dariya. Saniyar ta rame, nonon ya ragu, amma ba a ɗaga ta da wutsiya ba ko sau ɗaya.

Bayan ruwa ya sauka ciyawa ta fito, na je gaishe da Adda. Da zan tafi ta miƙo mini ƙwaryar nono, an rufe ta da faifai, an ɗaure da tsumma tam.

"Naka na," ta ce. "Kak ka buɗe sai ka kai gida."

Na yi mata alkawari. Na wuce gonaki, na wuce kwalbati, na kai gindin wata tsamiya, sai na tsayar da babur, na waiga ko da mai ganina, na kwance tsumman. Nono ne mai kauri da maiƙo, ta zuba shi daidai rabin ƙwarya.