Gorar kafireta da ranar da na tsallaka wajen Inna

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar maigidana. Ba zan iya rubuta sunansa ba, kunya ba ta tsufa, amma mutanen bakin gulbi a Argungu sun san shi da Mai-inji, don shi ke gyara musu injin kwale-kwale tun muna cikin jihar Sakkwato. Yanzu ina Badariya, a Birnin Kebbi, wajen ɗana. Duk sanda warin fetur ya bugi hancina sai na yi masa addu'a.

A cikin kafireta, wato abin da ke shayar da inji fetur, akwai wani ɗan abu mai yawo a kan fetur. Malam, maigidan nawa, gora yake ce masa, don yana tashi yana sauka kamar gorar masunta. In ta yi sama da yawa, fetur ya yi ambaliya ya shaƙe inji. In ta yi ƙasa, inji ya ji ƙishirwa ya mutu lokacin da aka fi bukatarsa. Yakan kifa kafiretar, ya lanƙwasa wani ɗan harshen ƙarfe kaɗan kaɗan har gorar ta kwanta daidai da baki, sannan ya busa ta hanyar fetur. In iska ta wuce, aiki bai yi ba.

Ranar da ba na mantawa cikin damina ce, Rima ta cika ta shanye fadama. Da hantsi aka aiko cewa Inna, mahaifiyata, tana kwance a ƙauyenmu can tsallake, in ina son ganinta in zo yau. Injin jirginmu kuwa yana warwatse a kan tabarma, Malam ya sa wa kafiretar sabuwar allurar tare fetur bai gama ba. Sauran jirage duk sun tafi kasuwa.

Na roƙe shi ya haɗa hakanan. Ya ce in inji ya mutu a tsakiyar wannan ruwa, sandar tuƙi ba ta taɓa ƙasa, kuma Inna ba gawa biyu ta aiko a kai mata ba. Na yi kuka, na ce ƙarfe ya fi uwata a wurinsa. Idonsa ya fara rauni a lokacin, sai ya ɗaga kafiretar saitin fuskata.

"Ke ad da ido. Duba mini, ta kwanta daidai?"

Ba ta kwanta ba. Gefe ɗaya ya ɗaga kamar kaurin tsinken tsintsiya. Na san in na ce ta yi, zai yarda, mu tashi yanzu. Allah ya sani bakina ya buɗe da niyyar faɗin haka. Abin da ya fito shi ne, "Da saura, Malam." Sau uku yana lanƙwasawa, sau uku ina cewa da saura, ina share hawaye da gefen mayafi. Sai a na huɗu ta zauna.

Sannu ba ta hana zuwa. Mun tashi bayan azahar, ruwa yana jan jirgi gefe, injin ko tari bai yi ba. Na tarar da Inna da ranta. Ta kama hannuna, ta shinshina, ta ce, "Ɗiyata, bakanike kika koma?" Ta yi dariya mara sauti. Washegari da safe Allah ya karɓi abinsa.

Yau in mai keke-napep ya kai gyara a Gwadangaji, ɗana ya ce cire kafiretar ake yi a jefar, a ɗaura sabuwa. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce. Ina jin ba zai yi faɗa ba, tsince ta zai yi ya kawo gida.

Malam bai bar mini gona ba, jirgin ma ya ruɓe tuntuni. Abin da ya bar mini shi ne, tun ranar nan ban ƙara iya ce wa abu ya yi ba alhali da saura, ko a kan tuwo, ko a kan ɗinki, ko a kan tarbiyyar jikoki. Suna cewa Kaka ta cika tsanani. Allah ya jiƙan wanda ya koya mini, ya jiƙan Inna, ya sa mu cika da imani.